Darasin Hunturu: Yadda Fansho Ke Narkewa a Hannun Tsofaffinmu

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya taɓa kwana a Zariya tsakanin Disamba da Janairu ya san abin da ake kira muku-mukun sanyi. Mu matasa da safe ne kawai muke ƙorafi, in za mu yi wanka mu tafi lacca. Tsoho kuwa sanyi ciwo ne a wurinsa. Shi ke tayar masa da tari da asma da ciwon gaɓoɓi, kuma likitoci sun tabbatar yana ƙara hawan jini. A Tudun Jukun da sauran unguwannin Tudun Wada muna zaune da tsofaffin malaman makaranta, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da ma'aikatan asibiti, da waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a maɗaba'ar Gaskiya. Tambayar da nake so mu duba ita ce: me ya sa mutumin da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati yake kasa sayen gawayin ɗumama ruwan alwala?

Lissafin da ya kamata kowa ya iya

Amsar farko tana cikin hauhawar farashi. Fansho kuɗi ne tsayayye, farashi kuwa tafiya yake. A shekarar 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da mafi ƙarancin fansho Naira 30,000 ga masu tsohon tsari. To mu ɗauki wannan adadin mu yi misali. A ce kaya suna tashi da kashi 30 cikin 100 duk shekara, fansho kuma bai motsa ba. Sai ka raba 30,000 da 1.3. Bayan shekara ɗaya, kuɗin zai sayi abin da Naira 23,077 ke saya a da. Bayan shekara biyu ya koma 17,751. Bayan uku, 13,655. Kun ga, ba wanda ya cire wa Baba ko kwabo, amma an cinye masa fiye da rabi. Kar ku ce na yi zuzutawa da kashi 30: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024.

Masu rubuta Kundin Tsarin Mulki na 1999 sun hango wannan. Sashe na 173 ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. Sashe na 210 ya faɗi haka game da jihohi. Ke nan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a Yuli 2024, ƙarin fansho ya zama haƙƙi. Ba alfarma ba ce.

Tallafin da ba a kira shi na sanyi ba

Nijeriya ba ta taɓa ware wa tsofaffi kuɗin ɗumi ba. Abin da ya yi kama da shi shi ne tallafin kananzir da na fetur. An janye na kananzir a 2016. Na fetur kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshensa ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Za ka ce ina ruwan tsohon da ba shi da ko babur? Ai gawayi da itace ba da ƙafarsu suke zuwa daga daji ba, mota ke kawo su. Ga shi gas da kananzir sun fi ƙarfin gidaje da yawa, kowa ya koma kan gawayi, shi ma ya yi tsada. Wanda zai iya fita ya yi buga-buga yana da mafita. Mai shekara 75 fa?

Abin da ya faru a Birtaniya

Mu leƙa ƙasar da ke da tallafin sanyi na musamman, don akwai darasi a can. Daga 1997 zuwa 2024 gwamnatin Birtaniya ta riƙa ba 'yan fansho kuɗin ɗumama gida duk hunturu, wanda daga baya ya kai fam 200 ko 300 gwargwadon shekarun mutum, ba tare da an duba mai kuɗi ne ko talaka ba. A Yuli 2024 ministar kuɗi, Rachel Reeves, ta ce daga yanzu sai masu karɓar tallafin marasa ƙarfi kawai za a ba. Kusan mutum miliyan 10 suka rasa.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce: don me za a ba attajiri kuɗin ɗumi? Amma matsala biyu suka fito. Ta farko, dubban ɗaruruwan tsofaffin da suka cancanci tallafin marasa ƙarfi ba su taɓa cike takardar nemansa ba, don haka aka tsallake su. Ta biyu, wanda samunsa ya ɗara iyakar da aka gindaya da ɗan kaɗan ya rasa komai, alhali shi ma da ƙyar yake kai wata. Jama'a suka yi ca, a Yuni 2025 gwamnati ta ja da baya, ta mayar wa duk wanda samunsa bai wuce fam 35,000 a shekara ba.

Ga abin da na fahimta. Tallafin kowa-da-kowa yana da tsada, kuma mai hali kan fi cin moriyarsa, kamar yadda mai mota uku ya fi kowa shan tallafin fetur. Tallafin da aka ware wa mabuƙata kuwa ba ya aiki sai da sahihin rajista. In ƙasar da ke da bayanan kusan kowa ta tsallake tsofaffinta, ina ga wurin da dattijo ke bin layin tantancewa da sanda a hannu? Janye tallafi kafin a tanadi abin da zai maye gurbinsa, a kan mafi rauni yake ƙarewa.

To mu me ya rage mana?

Na ɗaya, mu kula da na gida. Tsadar makamashi kan sa tsoho ya shiga da kaskon gawayi ɗaki, ya rufe ƙofa da taga, ya kwanta. Wannan ganganci ne babba. Garwashi na fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, tana kashe mutum cikin barci. A ji ɗumi, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Bargo da safa da hular sanyi sun fi aminci, kuma na gwanjo ma sun wadatar.

Na biyu, mu yi amfani da bokon nan. Zauna da Baba ko Kaka ka duba takardunsu, ka taya su cike fom, ka raka su tantancewa, ka karanta musu saƙon banki. Kada kowa ya ba wani lambar sirrin katinsu da sunan zai fitar musu da garatuti.

Na uku, mu tuna da kanmu. Tun dokar 2004 aka koma tsarin adashin fansho, dokar 2014 kuma ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 na albashi, mai aikin ya zuba 10, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. In ka samu aiki, ka riƙa duba asusunka ka ga ko ana zubawa da gaske. Masu shirin kama sana'ar kansu ma akwai tsarin ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a 2019.

Ƙungiyar ɗalibai za ta iya tara barguna kafin Disamba ta raba a unguwannin da ke maƙwabtaka da mu. Ba zai gyara fansho ba, amma wani zai kwana da ɗumi. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya.