Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon da ke Ƙwarewa in Yana Shan Ruwa

Wata mai sauraronmu daga Sunkani, hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola a jihar Taraba, ta ce mahaifinta yana ƙwarewa in yana shan ruwa, maganarsa kuma ta yi nauyi. Tana tambaya, shin tsufa ne kawai?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma kada ki bar abin a kan tsufa. Harshe da leɓe da maƙogwaro duk tsoka ce ke motsa su, kuma tana raunana tare da ta ƙafafu. A 2018 wani bincike a garin Kashiwa na Japan ya nuna cewa tsofaffin da taunarsu da haɗiyarsu da furucinsu suka raunana sun fi saurin rasa ƙarfin jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne huhu. Ruwa ko kunu kan zame ta hanyar iska, wani lokaci ko tari babu, sai zazzaɓi da ciwon huhu su biyo baya. Ki lura ko muryarsa na gurgura bayan ya sha, ko loma na daɗewa a kumatunsa, ko rigarsa ta yi masa yawa.

Ya ci a zaune tsaf, ƙananan lomomi, tuwo mai laushi da isasshiyar miya, kada ya kishingiɗa sai bayan rabin awa. A riƙa wanke masa baki. Sannan likita ya duba shi.

In kuwa maganar ta sarƙe farat ɗaya, baki ya karkace ko hannu ya saki, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Nan take a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo.