KWALIN MADARA DA SABON SHAFE NA TSIRRAI

Jama'a, kowa ya san kwalin da ake sayar da madara ko ruwan lemo a cikinsa. Amma ko kun taɓa tambayar kanku yadda takarda take riƙe ruwa wata da watanni ba ta jiƙe ba? Wannan darasi zai bayyana dalili, da kuma gyaran da masana kimiyya suke yi.

Yadda Aka Gina Kwali

Kamfanin Tetra Pak na ƙasar Suwidin, wanda Ruben Rausing ya kafa a shekarar 1951, shi ne ya yaɗa irin wannan kwali a duniya. Kwalin da ke ajiye madara ba tare da firji ba hawa-hawa ne. Wajen kashi 70 zuwa 75 cikin 100 takarda ce, wajen kashi 20 leda ce, sauran kuwa alminiyum ne mai laushi. Takarda ke ba shi ƙarfi, leda ke hana yoyo, alminiyum kuma ke tare iska da haske don kada abin sha ya lalace.

Ina Matsalar Take?

Ledar nan daga ɗanyen mai ake samunta, ba ta kuwa ruɓewa. A masana'antar sake sarrafa takarda, akan jiƙa kwalaye a dama su cikin ruwa har zaren takardar ya saki. To, amma leda da alminiyum sukan fito a manne da juna, raba su kuma sai da injuna na musamman. Inda babu irin waɗannan injuna, ƙarshen kwali juji ne ko magudanar ruwa, inda yakan toshe hanya da damina.

Shafe Daga Gona

Dabarar hana ruwa ratsa abu da albarkatun tsirrai ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu sukan shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a daɓe da bango. A kan irin wannan tunani masana suke aiki yau, ta hanyoyi uku:

1. Ledar rake. Ana tatsar sinadarin itanol daga rake, a mai da shi leda. Kamfanin Braskem na ƙasar Birazil ya fara yinta da yawa a shekarar 2010. A farkon 2015 aka soma sayar da madara a ƙasar Finland cikin kwalin da dukkansa daga tsirrai ne.

2. Shafen sitaci. Ana barin sukarin masara ko rogo ko rake ya yi tsami, a ƙera wata roba da ake kira PLA.

3. Shafe mai ruwa-ruwa. Ana shafa shi siriri kamar fenti, don ya saki takarda da sauƙi wajen damawa. Ana gwada sitaci da kaki da zaren itace da aka niƙa lilis.

Wurin alminiyum ya fi wuyar cikewa, domin sitaci, ko da yake yana tare iska, ba ya jure laima. Duk da haka, a shekarar 2023 an fitar da kwalin madara a ƙasar Fotugal wanda aka sa takarda ta musamman a madadin alminiyum.

A Yi Hattara

Ba kowane abin da aka samo daga tsiro ne yake ruɓewa ba. Ledar rake daidai take da ledar mai. Amfaninta shi ne rage dogaro ga man fetur, amma in aka yar da ita, nan za ta zauna. Robar PLA kuwa ba ta ruɓewa sosai sai a wurin yin taki na musamman mai zafin da ya kai wajen digiri 58. Saboda haka kada hoton ganye a jikin kwali ya sa a jefar da shi a titi.

Rabonmu A Ciki

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo. In masana'antunmu suka rungumi wannan ilmi, manomi zai sami sabuwar kasuwa, muddin ba a taɓa abincin jama'a ba.

Abin Da Ake Bukata Gare Ku

1. In kun shanye, ku ɗauraye kwali, ku danne shi ya kwanta.
2. Ku ware shi daga sauran shara, ku miƙa wa masu tarawa inda akwai su.
3. Kada ku ƙona shi, kada ku jefa shi a kwata.

Masana suna nasu ƙoƙari, saura namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.