Hoton Ya Fito Ƙalau, Amma Ƙashin Yana Ruɓewa

Ɗan yayata yana da shekara 4 lokacin da ya fara ɗingishi. Zazzaɓi ya rufe shi, ƙafarsa ta hagu ta kumbura ƙasa da gwiwa, ko taɓa wurin ba ya yarda a yi. Da yake mai sikila ne, kowa a gida ya ce ai ciwonsa ne ya tashi. A rana ta huɗu aka yi hoton ƙashi, ya fito ƙalau, hankalinmu ya kwanta. Kakarsa ta ce to targaɗe ne, aka kira maɗori ya ɗaure. Bayan wata biyu sai wani ɗan rami ya buɗe a ƙwaurinsa yana zubar da mugunya. Ya rufe, ya sake buɗewa.

Likitoci suna kiran wannan ciwo ostiyomayalaitis, wato ƙwayar cuta ce ta shiga cikin ƙashi. 'Yan SLT, wannan karatun naku ne, amma duk mai ƙani ko ƙanwa a gida ya tsaya ya ji.

A wajen yara, yawanci ta jini ƙwayar take bi. Tana iya tasowa daga ƙurji ko wani ɗan rauni da ba a kula da shi ba, ta je ta zauna a ƙarshen dogon ƙashi, kusa da inda yake girma, domin a nan jini yake tafiya a hankali. Wadda ta fi yin wannan aika-aika ita ce Staphylococcus aureus. Ga masu sikila kuwa akwai Salmonella, dangin mai kawo taifod. Mugunya ta taru, shi kuma ƙashi ba ya miƙewa kamar fata, sai ta matse hanyoyin jini. Ɓangaren da jini ya daina isa ya mutu, jiki ya gina sabon ƙashi ya kewaye shi. Magani fa a cikin jini yake tafiya, to ta ina zai kai inda jinin ba ya zuwa? Shi ya sa ko buhun kafso yaro ya sha, ramin nan ba zai daina zuba ba.

Inda muka yi kuskure shi ne hoton. Ɓarnar ba ta bayyana a hoton ƙashi sai bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan gwajin jini na ESR da CRP ne ke nuna akwai kumburi a jiki, sikanin zai iya gano mugunyar da ta kwanta a jikin ƙashi, MRI kuma ya fi su duka gani, sai dai tsada. Sannan akwai kalca, a shuka ƙwayar a ga ko wace ce da maganin da take ji. Ana so a ɗebi jinin kafin a fara magani. Mu kuwa sai mun biya ta kemis tukuna, an ɗura wa yaro kafso kwana uku, sannan a yi mamaki don ba abin da ya tsiro. Haka nan mugunyar bakin ramin tana yaudara, don ta gauraya da ƙwayoyin fata. Samfurin da ake ɗauka daga ƙashin a ɗakin tiyata shi ne abin dogaro.

In an kama shi da wuri, allura ce sannan na sha, galibi sati 4 zuwa 6, kuma ba a tsayawa don zazzaɓi ya sauka. In ya riga ya zauna, sai tiyata: a buɗe, a ciro mataccen ƙashin, a kankare wurin. Wani lokaci likita zai ce a jira sabon ƙashin ya yi ƙwari tukuna, kada ƙafar ta karye. Irin aikin da ake yi ke nan a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa. Mai sikila kuma sai an duba jininsa sosai kafin a sa shi barci, wani har a yi masa ƙari.

Abin da aka ciro daga ƙafar yaronmu bai kai ɗan yatsana tsawo ba, duk ya zaizaye kamar gara ta ci. Yanzu shekararsa 7, yana buga ƙwallo, amma ƙafar ta ɗan gaza 'yar'uwarta, har an ƙara wa takalminsa tudu. Ciwon kan iya dawowa ko bayan shekaru, don haka har yau Yaya tana kai shi a duba.