Ɗan Wasa Mai Tsada Ko Mai Araha?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Abakwa a Kaduna yana tambaya: idan kwantiragin 'yan wasa ya ƙare, wa ya kamata kulob ya ɗauka, mai suna da tsada ko mai araha?

To malam, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba a biyan tsohon kulob ɗinsa kuɗin sayensa, amma albashi da kuɗin sa hannu suna nan, kuma nan ne asusu ke zubewa. Mai suna yana da ranarsa. Da Ahmed Musa ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya a 2020, ya dawo Kano Pillars a Afrilun 2021, gasar Najeriya kaf ta samu tagomashi. Sai dai bai daɗe ba ya wuce Turkiyya. A can baya kuwa, wannan Ahmed ɗin yana yaro, ba a san shi ba, ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010.

A ganinmu, kulob irin Ranchers Bees ko Kaduna United, mai ƙaramin ƙarfi, gara ya bi filayen unguwa ya tsinto matasa, ya riƙa biyansu a kan kari, ya haɗa su da gogagge ɗaya ko biyu. Araha ba laifi ba ce in ana da idon zaɓe.