Tsaron Ƙofar Taron da Muke Yi ta Waya

Tun shekarar 2020 da gwamnatin Jihar Kaduna ta hana taruwa saboda cutar korona, da yawa cikinmu a Nasarawa da Kakuri muka koyi yin taro ta Zoom da WhatsApp. Cutar ta lafa, taron waya kuwa ya zauna.

Ƙofar irin wannan taro ita ce lambar shiga da ake aika wa mutane. Duk wanda ta faɗa hannunsa, ya samu hanya. A watan Mayu na 2020 wata majami'ar Lutheran a San Faransisko ta Amurka ta kai kamfanin Zoom ƙara, bayan wani baƙo ya kutsa cikin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ya cika shi da hotunan batsa. Manya ma ba su tsira ba: a watan Nuwamba na shekarar, wani ɗan jarida ya shiga taron sirri na ministocin tsaron Tarayyar Turai, domin an sa hoton ministar Holan a Twitter, akasarin lambar kuwa tana bayyane.

Tamu damuwar ta fi abin kunya nauyi. A taron majalisar Ikklisiya mukan faɗi yawan baikon da aka tara, da mai ajiyarsa, da ranar da Fada zai kama hanya. Labarin da masu garkuwa da mutane ke nema ke nan.

Saboda haka kowane taro ya samu sabuwar lamba da kalmar sirri, a aika wa kowa shi kaɗai, kada a sa a Facebook. Sakatare ya buɗe ɗakin jira, ya shigar da wanda ya sani da sunansa kaɗai, ya kuma kulle taron bayan addu'ar buɗewa. Maganar tafiyar Fada kuwa, a ganinmu, a bar ta sai an haɗu ido da ido.

Akwai kuma wata dabarar 'yan damfara. Wani zai bugo waya da ladabi, ya ce daga Zumuntar Mata yake, za a yi taron addu'a da yamma, a karanto masa lambobi 6 da suka shigo ta saƙo. Waɗannan lambobi mabuɗin WhatsApp ɗinmu ne. Da zarar ya samu sai ya ƙwace shi, ya shiga roƙon kuɗi da sunanmu. Kada a karanta wa kowa su. Matasanmu su taimaki iyaye su kunna tabbaci mai mataki biyu a wayoyinsu bayan Misa.