Ƙarin albashi zai hana alƙali da ɗan sanda karɓar na goro?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ne ya aiko da wannan tambaya, yana son sanin ko ƙarin albashi kaɗai zai iya kawo ƙarshen cin hanci a kotuna da ofisoshin 'yan sanda.

To Malam, albashi na da tasiri, amma shi kaɗai ba ya wadatarwa. A Najeriya, alƙalai sun shafe fiye da shekara 15 ba a taɓa albashinsu ba, sai a watan Agustan 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta ƙara musu kashi 300 cikin ɗari. Hukunta alƙalin da ya kauce hanya kuwa yana hannun Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda ke bincike ta kuma ba shugaban ƙasa ko gwamna shawarar tsige shi.

Mu leƙa Ghana. A 2010 an ninka albashin 'yan sanda, amma wani bincike kan direbobin manyan motoci ya nuna kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya ƙaruwa ma ya yi. Abin mamaki!

A ƙasar Jojiya kuwa, a 2004 gwamnatin Mikheil Saakashvili ta sallami dubban 'yan sandan hanya, ta ɗauki sababbi da albashi mai tsoka, sannan duk wanda aka kama da karɓar toshiyar baki ya rasa aikinsa, wani ma ya dangana da gidan yari. Can kam cin hanci a kan titi ya ragu ƙwarai.