Yadda Ake Kafa Wasan Kwaikwayo Na Rubutu A Waya, Kuma Ya Ɗore

Duk wanda ya taso a Tudun Wada ko Kawo ya san tashe: yaro ya manna gemun auduga ya zama Jatau Mai Magani, sauran suna amsa masa. Wasan kwaikwayo na rubutu kusan haka yake, sai dai babu gemu babu ganga. A zauren WhatsApp, Telegram ko Discord ake yin sa. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labari, yana rubuta abin da mutumin ya faɗa da abin da ya aikata. Jagoran wasan kuma, wanda zan kira madugu, shi ke faɗin abin da ya biyo baya.

Ba sabon abu ba ne. A 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw, ya fara haɗa MUD, wasan da mutane da yawa ke shiga ta kwamfuta, babu hoto sai rubutu zalla, daga baya Richard Bartle ya ci gaba da shi. Ɗalibai ne irinmu. A nan gida kuwa, marubutan littattafan Hausa na intanet sun riga sun nuna cewa mutanenmu na bin labari a waya kullum ba gajiya.

Buɗe zaure minti biyu ne, riƙe shi ne aiki. Kuma ba ƙarancin mutane ke kashe shi ba. Yana mutuwa ne ranar da ɗan wasa ya gane cewa ko ya rubuta ko bai rubuta ba, labarin inda madugu ya nufa zai tafi.

Na farko, zaɓi duniyar da aka sani. Misali, ayarin fatake ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro: ga mai jakuna, ga tafinta, ga ɗan sarki da ya gudo ya ɓad da kama. Ko Tsohuwar Panteka: an sace injin walda daren da za a kai aiki. Ka kawo matsala kawai, ka bar musu mafita. In sun yi abin da ba ka zata ba, bi su.

Na biyu, 'yan wasa biyar ko shida sun isa. Masu son kallo a buɗe musu wani zauren da admin kaɗai ke iya turawa, a riƙa zuba musu labarin can.

Na uku, tsayar da lokaci. A ce bayan Isha'i, awa ɗaya, kwana uku a mako. Mun san halin wuta da caji da data, don haka wanda bai zo ba, madugu ya ajiye mutuminsa a gefe, kar a kashe shi. Jarrabawa ta matso kuwa, a rufe, a faɗi ranar dawowa. Wasa bai kai a samu faɗuwa a kwas saboda shi ba.

Na huɗu, a bar sa'a ta raba gardama. A Telegram, in ka tura alamar ɗan ludo, zai juya ya tsaya a lamba tsakanin 1 da 6, kowa na gani. Sai a ce 4 zuwa sama nasara ce. Amma fa kar a sa kuɗi ko na sisi. In an sa, caca ce.

Na biyar, doka tun ranar farko. Ba mai rubuta wa mutumin wani abin da zai yi. Ba batsa. Ba sunan malami ko ɗalibi na gaske. Ba tsokanar addini ko ƙabila, mu 'yan Kaduna ba sai an yi mana bayani ba. Wanda ya ɗauki lambar 'yar wasa ya bi ta da saƙo a gefe, a cire shi a ranar. Telegram na ba da damar ɓoye lamba, a yi amfani da ita.

To, ya ake jawo mutane? Watsa gayyata a zauren aji ba ya kawo komai sai 'yan leƙe. Gara ka ɗora taƙaitaccen labarin jiya a status, ka tsaya daidai inda ake son jin ƙarshe. Wanda ya tambaye ka "sai me ya faru?", shi ne ɗan wasanka. Ka tanadar masa mutum da aikin da ayarin ba zai motsa ba sai da shi, tun daren farko.

Na ƙarshe, mu 'yan ajin ƙarshe tafiya za mu yi. Tun yanzu madugu ya riƙa ba wani na ƙasa da shi jan wasan sau ɗaya a mako, kar ayarin ya watse ranar da ya karɓi takardarsa.